Batir ko Fetur: Abin da Ke Raba Gardama a Ƙananan Jiragen Sama na Kilisa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da ke riƙe da ƙaramin jirgin sama kamar yadda wani attajiri a Kano ko Damagaram ke riƙe da doki. Ba fatauci ake yi da shi ba, ba kuma jigilar fasinja ba. Ran Asabar ko Lahadi mutum ya je ƙaramin filin jirgi da ke bayan gari, wani lokaci ma titin jirgin ciyawa ce, ya turo jirginsa mai kujera biyu daga rumfa, ya yi shawagin awa ɗaya ko biyu, ya sauko ya koma gida. Da yawansu ba su mallaki jirgin su kaɗai ba, ƙungiya ce ke saye a riƙa karɓa-karɓa. Kilisa ke nan, sai dai a sararin samaniya. A cikin waɗannan mutanen ne aka kwashe shekaru ana tafka muhawara: a ci gaba da ƙona fetur, ko lokaci ya yi da za a koma batir?

Hanya mafi sauƙi ta shiga maganar ita ce a dubi wasu tagwaye da kamfanin Pipistrel na ƙasar Sulobeniya ya ƙera. Ɗaya sunansa Virus SW 121, ɗayan Velis Electro. Gangar jiki iri ɗaya, fukafukai iri ɗaya masu tsawon mita 10.7 daga wannan baki zuwa wancan, kujera biyu, kuma ko wanne ba a yarda ya tashi da nauyin da ya wuce kilo 600 ba. Na farkon yana da injin fetur na kamfanin Rotax mai ƙarfin doki 100 da tankuna masu cin lita 100. Na biyun yana da injin lantarki da batura guda biyu, kuma shi ne jirgin lantarki na farko da hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Tarayyar Turai, EASA, ta ba cikakkiyar takardar amincewa, ranar 10 ga Yunin 2020. Idan aka cika wa Hassan tanki, zai yi sama da awa biyar a sama, ya ci fiye da kilomita 1,000. Idan aka cika wa Husaini caji, minti 50 ne rabonsa, sai ɗan abin da aka ajiye don ko-ta-kwana.

Awa biyar da minti 50. Duk abin da za a faɗa nan gaba a kan wannan tazarar yake zagaye.

Lissafin nauyi

Mu auna da abin da muka sani, wato yunit ɗin da mitar wuta ke cinyewa a gida, wanda masana ke kira kilowat-awa. Kilo ɗaya na fetur yana ƙunshe da makamashin da ya kai yunit 12. Kilo ɗaya na ƙwayoyin batirin litiyam masu kyau bai wuce rubu'in yunit ko ɗan sama da haka ba. Kuma ba a ɗaukar ƙwayoyin tsirara a cusa a jirgi. Sai an yi musu akwati mai jure wuta, an zagaya musu bututun ruwan sanyaya, an haɗa wayoyi da na'urar da ke sa ido a kan kowace ƙwaya. Kafin a gama, kilo ɗaya na batirin ya koma ƙasa da ɗaya bisa biyar na yunit. Baturan Velis guda biyu nauyinsu ya kai kimanin kilo 140, abin da ke cikinsu kuwa yunit 24.8. Makamashin da ke cikin lita uku na fetur ya fi haka.

Amma a yi wa lantarki adalci, domin injin fetur almubazzari ne. Cikin kowane kashi 100 na makamashin man da ya sha, kashi 25 zuwa 30 ne kawai ke isa ga farfela. Sauran duk zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto. Injin lantarki kuwa yana miƙa wa farfela kashi 90 ko fiye. Idan aka yi wannan gyaran, yunit 24.8 ɗin nan za su yi aikin lita tara ko goma na fetur. An rage tazara sosai, amma tsugune ba ta ƙare ba: kilo ɗaya na fetur har yanzu yana yin aikin kilo 20 na batir, ko kusa da haka.

A mota wannan ba wani babban tashin hankali ba ne. Ƙasa ce ke ɗauke da nauyin, tayoyi na gungurawa, idan an ƙara rabin tan na batir abin da za a yi asara kaɗan ne. Jirgi kuwa shi ke ɗauke da kansa a kowace daƙiƙa. Duk kilon da aka ƙara sai fukafukai sun tallafe shi, tallafar kuma da makamashi ake biyanta. Ka ƙara batir don ka yi nisa, sai jirgin ya yi nauyi, sai ya buƙaci fiffike mafi girma da ƙashi mafi ƙarfi, su kuma su ƙara nauyi, sai ka sake neman batir. An gudu ba a tsira ba.

Akwai abin da lantarki ya ci riba a ma'auni. Injin Velis bai kai kilo 25 ba, alhali Rotax ɗin ɗan'uwansa na kaiwa kilo 60, ban da salansa da sauran tarkace. Sai dai abin da aka samu a inji batir ya haɗiye shi har ya nemi ƙari. Velis ba kowa a ciki kilo 428 ne, saura kilo 172 ke nan na mutum biyu da duk abin da suka riƙo. Malami mai jiki da ɗalibi mai jiki ba za su hau tare ba.

Wani abu kuma da ba a cika kawowa ba, wanda a ganina ya fi adadin mintocin muhimmanci: fetur kaya ne da ake iya ciniki da shi. Matuƙin jirgin fetur idan zai ɗauki aboki mai ƙiba, sai ya zuba rabin tanki. Idan shi kaɗai ne kuma tafiyar da nisa, sai ya cika fal. Yana tafiya man na ƙonewa jirgin na ƙara sauƙi, har ya sauka ya fi yadda ya tashi rashin nauyi. Batir ba ya shiga wannan cinikin. Da caji da babu, kilo 140 ɗinsa na nan daram, da su za a tashi, da su za a sauka.

Maganar rizab

Kowane ɗan acaɓa ya san abin da ake nufi da mai ya shiga rizab. Shi idan rizab ɗin ya ƙare sai ya sauka ya tura babur zuwa wajen ɗan bumburutu. A sama babu gefen titi. Saboda haka doka ta wajabta wa matuƙi ya sauka da sauran makamashi a ajiye. A Amurka, mai tuƙi da rana cikin yanayi mai kyau dole ya tsara tafiyarsa yadda zai isa inda za shi da ragowar man minti 30. A Turai an sassauta wa wanda zai tashi ya sauka a fili ɗaya bai kuma ɓace wa filin da gani ba, an ce minti 10 sun isa.

Ga jirgin da ke da awa biyar, cire rabin awa ba komai ba ne, kashi ɗaya ne cikin goma. Ga wanda duk abin da ya mallaka bai fi awa ɗaya ba, rabin dukiyarsa aka ɗauke. Shi ya sa jirgin lantarki da ke cin gajeren zango lafiya lau idan yana zagaye gida, da zarar an ce ya je wani filin sai tafiyar ta tsuke ta koma ta minti 30 ko ƙasa da haka. Iska ta taso ta gaba, ko a isa a tarar wani jirgi ya lalace a kan titin sauka, to ina za a nufa? Matuƙan da suka saba da fetur, abin da ya fi ɗaure musu kai ran da suka fara hawa na lantarki shi ne wannan: tun daga minti na farko suna cikin halin da a tsohon jirginsu za su kira ƙarancin mai.

Ga kuma halin batir na raguwar kuzari. Lita ta ƙarshe a tanki ƙarfinta ɗaya da ta farko. Batir kuwa idan ya yi ƙasa, ƙarfin da zai iya bayarwa a tashi ɗaya yana raguwa, kuma a daidai ƙarshen tafiya ne matuƙi zai iya buƙatar cikakken ƙarfi, idan sauka ba ta yi kyau ba ya zama dole ya sake ɗagawa ya zagayo.

Da safe a bakin rumfa

Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka lantarki ba shi da abin faɗa. Bari mu matsa kusa mu ga yadda ake shirya jiragen biyu.

Mai Rotax yakan fara da buɗe murfin tankin baƙin mai, sannan ya kama farfela da hannu ya riƙa juya ta a hankali, yana kasa kunne, har sai ya ji tankin ya yi wata 'yar gyatsa. Wannan ce alamar man da ya kwanta a cikin inji ya koma tanki, sai a lokacin ma'auni zai faɗi gaskiya. Daga nan ya tsugunna ya tsiyayi ɗan fetur a ƙaramin kofi mai haske, ya ɗaga shi sama yana duba ko ruwa ya kwanta a gindi. Ya tada inji, ya zauna yana jiran baƙin mai ya ɗumama ya kai digiri 50. Ya gwada layukan fulogi biyu ɗaya bayan ɗaya. A sama kuma, idan injinsa mai kafireto ne, yana sane da cewa ƙanƙara na iya taruwa a maƙogwaron kafireton ta shaƙe inji, ko da ranar ba a sanyi, muddin akwai danshi a iska.

Mai Velis ya cire wayar caji, ya duba allo ya ga kashi nawa batir ke da shi da kuma lafiyar batirin, ya kunna 'yan maɓallai, ya tura sanda gaba, farfela ta fara juyawa. Babu jiran ɗumi. Idan ya isa bakin titi aka ce ya dakata wani jirgi ya sauka, sai ya ja sandar baya, farfela ta tsaya cak, shiru kamar an kashe jirgi, ba ya cin komai. Wannan shirun ma yana da nasa haɗarin, don wanda ke tsaye kusa zai iya zaton jirgin a mace yake, alhali taɓa sanda kaɗan ya isa farfela ta zabura.

A cikin injin lantarki abu ɗaya ne ke juyawa. Ba fistin, ba bawul, ba fulogi, ba juyen baƙin mai. Rotax 912, wanda tun 1989 ake ƙera shi a Gunskirchen ta ƙasar Ostiriya kuma shi ne injin da ya mamaye ƙananan jirage a duniya, inji ne nagari ƙwarai, amma yana da ɗaruruwan sassa, kuma bayan awa 2,000 sai an sauke shi an yi masa garambawul. Haka nan injin fetur numfashi yake yi. Duk ƙafa 1,000 da aka hau yana rasa kusan kashi uku cikin 100 na ƙarfinsa saboda iska ta yi sirara, zafin rana ma na ƙara rage shi. Injin lantarki bai damu da iskar shaƙa ba, ƙarfinsa a kan dutse shi ne ƙarfinsa a bakin teku, ko da yake farfela da fukafukai su suna jin sirantar iskar.

Ƙara da dalma

Abin da ya fi jawo ƙungiyoyin Turai zuwa ga lantarki ba tsimin mai ba ne kamar yadda ake zato. Maƙwabta ne. Filayen da aka kafa a daji shekara 80 da suka wuce yanzu gari ya cim musu, kuma mai koyon tuƙi aikinsa shi ne ya tashi, ya zagayo, ya taɓa ƙasa, ya sake tashi, sau shida ko takwas a awa ɗaya, a kan rufin gidajen mutane. Ƙorafi ya yi yawa har an taƙaita lokutan tashi a filaye da dama, musamman ranakun hutu, wato ranakun da masu kilisa ke da sukuni. Kamfanin Pipistrel ya ce ƙarar Velis desibel 60 ce, kwatankwacin hirar mutane. Ba wai shiru yake gaba ɗaya ba, farfela na da nata kukan, amma bambancin a bayyane yake ga na ƙasa. Ƙungiyar masu tuƙin ƙananan jirage ta Faransa, FFA, tana cikin waɗanda suka fara rungumar jirgin, kuma filin Toussus-le-Noble da ke kusa da Faris, wanda ya daɗe yana fama da ƙorafin ƙara, na cikin wuraren da aka fara gwada shi. Ga filin da ake barazanar rufewa, jirgi marar hayaniya hanyar tsira ce.

Sai dalma. Yawancin tsofaffin ƙananan jirage, irin su Cessna da Piper masu injin Lycoming ko Continental, suna shan wani fetur na musamman mai launin shuɗi da ake kira 100LL, wanda kowace litarsa ke iya ɗaukar dalma har giram 0.56. Duniya ta gama raba motoci da fetur mai dalma a 2021, lokacin da Aljeriya ta zama ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da shi, amma jiragen nan suna nan suna fesa ta. A Amurka su ne ke fitar da kusan kashi 70 cikin 100 na dalmar da ke shiga iska, kuma a Oktoban 2023 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta yanke cewa hayaƙin na barazana ga lafiyar jama'a. An sa ƙarshen 2030 a matsayin lokacin da ake son rabuwa da shi. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mutum ya yi nishaɗinsa yana yayyafa dalma a kan unguwar da yara ke wasa, wannan abu ne da ba ni da hujjar kare shi.

Sai dai a nan masu tallan lantarki kan yi wani ɗan zamewa. Suna kwatanta jirginsu da tsohon Cessna mai shekara 50 da ke shan lita 30 na mai dalma a awa. Abokin karawarsu na gaskiya shi ne Rotax, wanda ke shan lita 15 zuwa 18 a awa, kuma ya fi son fetur ɗin mota marar dalma. Ƙungiyar da ke son rabuwa da dalma tana iya yin haka gobe ba tare da ta sayi batir ko ɗaya ba.

Kuɗin da ba a gani a mita

Idan aka ɗauka yunit ɗin wuta santi 30 ne na yuro, cika Velis bai kai yuro takwas ba. Idan aka ɗauka litar fetur yuro biyu ce, awa ɗaya a Rotax ta haura yuro 30. Ganin wannan sai mutum ya ce an gama magana. Duk wanda ya taɓa haɗa sola da inbata a gidansa ya san ba a gama ba. Hasken rana kyauta ne, amma ran da batura suka mutu za ka san ka biya kuɗin wutar, a dunƙule. Batirin jirgi kuwa wahalar da yake sha ta fi ta mota nesa ba kusa ba: kowane tashi ana matse shi iya ƙarfinsa, a zuƙe shi kusan ƙarƙaf cikin ƙasa da awa ɗaya, a sake ɗura masa wuta da gaggawa don ɗalibi na gaba na jira. Yana tsufa mintocin na raguwa, jirgin da da can ma mintocinsa ƙidayayyu ne. Batirin da ya rage kashi 80 na ƙarfinsa mai mota zai ci gaba da harkarsa da shi shekaru. Mai jirgi kuwa darasin da yake bayarwa ya gajarce. Lissafi na gaskiya shi ne a raba kuɗin sabon batir da yawan awannin da zai yi, a ɗora a kan kuɗin wuta. Idan aka yi haka tazarar na tsukewa ƙwarai.

Lokaci ma kuɗi ne. Zuba lita 40 minti biyar ne. Cajin Velis awa ɗaya zuwa biyu ne, gwargwadon yadda aka zuƙe shi da ƙarfin na'urar caji. Jirgin makaranta mai fetur na iya tashi sau shida ko bakwai a yini, na lantarki kuwa rabin yininsa a jikin soket yake. Kuma na'urar cajin sai an tanade ta a duk filin da za a je, da layin wuta mai ƙarfi, abin da yawancin filayen ciyawa ba su da shi.

A ɓangaren muhalli, masu bincike a Jami'ar Chalmers da ke Gotenbag a Suwidin sun auna rayuwar Alpha Electro, wanda ya riga Velis fitowa daga kamfani ɗaya, da takwaransa mai fetur, tun daga haƙo ma'adinai. Sun gano na lantarkin yana fara rayuwa da bashi, saboda ƙera batir na fitar da hayaƙi mai yawa, kuma sai ya yi kimanin awa 1,000 a sama da wuta mai tsafta kafin ya biya bashin ya fara cin riba. Wannan adadin yana da ma'ana babba. Jirgin makaranta zai cika awa 1,000 cikin 'yan shekaru. Jirgin mutum ɗaya da ke tashi awa 40 ko 50 a shekara sai ya shekara 20 zuwa 25, batirin kuma na tsufa ko yana ajiye a rumfa.

Ta fuskar haɗari, kowanne da irin nasa. Ƙarewar mai da kuskuren juya tanki suna cikin sanannun dalilan da ke kashe injin ƙaramin jirgi a sama, fetur kuma na kamawa da wuta. Batirin litiyam idan ƙwaya ɗaya ta yi zafi fiye da kima tana iya kunna maƙwabciyarta, wutar ta bi layi, kuma kashe ta da wuya. Shi ya sa aka raba na Velis biyu, ɗaya a hanci ɗaya a bayan kujeru, kowanne da sanyayawar ruwa, yadda idan ɗaya ya samu matsala ɗayan zai kai jirgin ƙasa. Sauƙin inji kuma bai hana tsautsayi ba. A Agustan 2019 wani Alpha Electro ya rasa ƙarfi a sama kusa da Arendal a Norwe, shugaban hukumar filayen jiragen ƙasar na lokacin, Dag Falk-Petersen, shi ke tuƙi, tare da wata babbar jami'ar gwamnati. A tafki ya saukar da shi, dukansu suka fita lafiya.

Doka ma ta daɗe tana bin fetur. Ƙa'idar ƙananan jiragen wasanni da Amurka ta kafa a 2004 ta ce jirgin ya kasance mai injin fistin guda ɗaya, kalmar da ta rufe wa lantarki ƙofa shekara 20 ba tare da an yi niyya ba. Sai a 2024 Velis ya samu izini na musamman, a Yulin 2025 kuma aka fitar da sabuwar ƙa'ida da ta cire sharaɗin. A rukunin jirage mafiya ƙanƙanta, masu kujera ɗaya da ba a buƙatar lasisi a hau su, dokar Amurka ta ce jirgi ba mai a ciki kada ya kai fam 254, kimanin kilo 115, sannan a ƙara galan biyar na mai a kai. Man ba ya cikin lissafin nauyin, batir kuwa yana ciki.

Inda batir ya riga ya ci

Akwai wani rukuni da muhawarar ta kusa ƙarewa, kuma shi ya fi burge ni. Jiragen shawagi ne, masu dogayen fukafukai sirara, waɗanda asalinsu ba su da inji. Wani jirgi ke jan su sama ko a ja su da igiya daga ƙasa, sannan matuƙi ya riƙa neman iska mai ɗumi da ke tashi daga ƙasa yana kewayawa a cikinta, daidai yadda shirwa ke yi da tsakar rana ba ta kaɗa fiffike. Gwanaye na yin ɗaruruwan kilomita a haka. Tsoronsu ɗaya ne: iskar ta mutu da yamma suna nesa da gida, su sauka a gonar wani.

Da can maganin shi ne ƙaramin injin fetur da ke ɓoye a bayan matuƙi, wanda ake ɗago shi a kan sanda idan buƙata ta taso. Ka duba halin da ake kunna shi: jirgi ya yi ƙasa, injin ya yi awanni a cikin sanyi, ɗago shi na ɗaukar daƙiƙoƙi, kuma da zarar ya fito yana tare iska jirgin na ƙara nutsewa. Idan ya ƙi tashi, matuƙi ya shiga halin da ya fi na farko muni. Wasu injiniyoyi a Sulobeniya, kamfanin LZ Design, suka sa ƙaramin injin lantarki a hancin jirgin, da farfela mai naɗewa ta kwanta a jikinsa, da batura biyu da kowanne bai fi kilo 16 ba. Murɗa maɓalli ɗaya, cikin daƙiƙa biyu farfela ta buɗe tana ja. Yunit huɗu da ɗan ɗoriya ne kawai a baturan, amma da yake jirgin shawagi ba ya buƙatar ƙarfi sosai don ya tsaya a sama, suna iya kai shi kusan kilomita 100. Tun kafin wannan ma, Antares 20E na kamfanin Lange a Jamus, wanda ya fara tashi a 2003, yana ɗaga kansa daga ƙasa da lantarki.

Me ya sa abin ya yi daidai a nan? Domin aikin na neman ƙarfi na ɗan lokaci, wanda zai zo nan take ba gardama, a jikin jirgin da ba ya ɓarnar makamashi. Wannan shi ne gwanintar batir. Nesa da daɗewa kuwa gwanintar fetur ce. Darasin farko na koyon tuƙi, da shawagin rabin awa da yamma a kan gari, sun fi kusa da na farkon. Tafiyar ƙarshen mako daga Jamus zuwa bakin tekun Italiya tana cikin na biyun, kuma ɗalibi ma ba zai kammala lasisinsa ba sai ya yi doguwar tafiya shi kaɗai ya sauka a wasu filaye, abin da ke tilasta wa makarantar da ta sayi na lantarki ta riƙe na fetur a gefensa.

Masu cewa a ɗan jira batir zai kamo, ya kamata su dubi saurin tafiyar. Jirgin lantarki mai ɗauke da mutum ya fara tashi tun Oktoban 1973 a Ostiriya, ya yi 'yan mintoci. Kamfanin Sony ya fito da batirin litiyam kasuwa a 1991, kuma daga lokacin zuwa yau abin da kilo ɗaya ke ɗauka ya ninka kusan sau uku. Shekara 30 da ɗoriya ke nan aka yi ana ninki uku, tazarar kuwa ninki 20 ce. A 2023 kamfanin CATL na Sin ya sanar da ƙwayar da ke ɗaukar rabin yunit a kilo. Idan irinta ta tsallake gwaje-gwajen hukumomi, waɗanda ke cin shekaru, jirgi irin Velis zai iya kusantar awa biyu. A nan ne nake ganin lissafi zai juya wa ƙungiyoyi da yawa, domin awa biyu sun ishi mafi yawan kilisar ran Asabar har da rizab ɗinta, ko da ba a taɓa kusantar awa biyar na fetur ba.

A ƙasashenmu masu zafi akwai ƙarin sharaɗi. Batirin litiyam ba ya shiri da zafi, yana saurin tsufa a cikinsa, kuma na'urar da ke kare shi na rage caji ko ƙarfi idan ya ɗau ɗumi. Filin jirgi a watan Afrilu a Sakkwato ko Yamai wani gwaji ne daban da na tsaunukan Turai, ga kuma tambayar inda wutar cajin za ta fito. Kwalejin horar da matuƙa jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da ta tashi sabunta jiragen koyarwarta ta bi wata hanya ta uku: ta sayi jiragen Diamond masu injin da ke shan kananzir ɗin manyan jirage, wanda ake samu a kowane babban fili, ta rage dogaro da fetur mai dalma da ke da tsada da wuyar samu a Najeriya.